Rufa-idon Zamani da Yaran Gwarinpa

Duk magidancin da ke zaune a Gwarinpa ya san tambayar da ke jiransa washegarin Sallah, bayan an gama zagayen gaisuwa, yara sun ƙirga barka da Sallarsu: "Baba, yau ina za ka kai mu?" Amsoshin ba su da yawa. Ko dai a kama hanyar Magicland da ke kusa da ƙofar shiga birni, wurin da aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, ko a nufi Millennium Park a Maitama, ko gidan namun dajin yara na Asokoro, ko kuwa a gangara bakin tafkin Jabi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cikin unguwa. Gwarinpa, wadda ake wa kirari da rukunin gidaje mafi girma a Afirka ta Yamma, an shata ta tun zamanin Janar Sani Abacha, ta cika ta tumbatsa har ta haɗe da Dawaki da Kado da Life Camp, amma ba ta da wurin wasa da ya yi daidai da yawan 'ya'yanta. Gidajen kwana na bakin manyan tituna sun zama kantuna da otal-otal da wuraren cin abinci. Fili kuwa ya yi tsadar da ba mai sayensa don ya kafa lilo.

Abin da ke cike wannan giɓi a 'yan shekarun nan, a Abuja da Kaduna da Kano, shi ne injinan kallo masu motsi. Za ka gan su a lungun manyan kantuna: kujeru biyu ko uku masu siffar ƙwai, a zaunar da yaro, a ɗaura masa tabarau mai kauri da ke rufe rabin fuska, a danna maɓalli, kujera ta shiga karkata tana jijjiga, shi kuma ya ƙanƙame ƙarfe yana ihu, don a ganinsa jirginsa ne ke faɗawa rami. Akwai kuma ƙananan ɗakuna masu allo ɗaya da 'yan kujeru, an rubuta 5D ko 7D ko 12D a ƙofa. Yawancinsu daga masana'antun Guangzhou na ƙasar Sin ake lodo su a kwantena, da finafinansu a ciki.

Ni ba na cikin masu ganin waɗannan injina ɓarnar kuɗi ne ko ɓata tarbiyya. Hasali ma ina ganin wasan da ya dogara da allo shi ya fi dacewa da unguwa irin tamu, domin jirgin tudu-da-gangare na gaske yana cin fili mai faɗi da ƙarfe mai tsada, shi kuwa ɗakin kallo yana iya shiga hawa na biyu na kowane bene. Damuwata ita ce mun ɗauki abin haja, a saya, a girke, a yi ta karɓar kuɗi har ya mutu, alhali sana'a ce ta awo da saiti da kulawar yau da gobe. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun fi shekara 100 suna koyon haka, wani lokaci da asarar miliyoyin daloli, kuma ban ga dalilin da zai sa mu sake yin asarar da wasu suka riga suka yi a gaban idonmu ba.

Sai an san yadda ake yaudarar jiki kafin a gane inda ake kuskure. Ba da ido kaɗai mutum ke sanin yana tafiya ko yana tsaye ba. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa an juya kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da wasu mitsi-mitsin tsakuwoyi, su ke jin karkata da fizga. Ga kuma fata da gaɓoɓi, masu jin nauyin jiki a kan kujera. Ƙwaƙwalwa tana tattara rahoton kowa ta yanke hukunci, kuma idan abu mai motsi ya cika ido, sau da yawa maganar ido ake bi. Duk direban da ya taɓa maƙalewa a cunkoson hanyar Kubwa ya san haka. Tirelar da ke gefenka ta ɗan matsa gaba, sai ka ji motarka ce ke zamewa baya, ka taka birki da ƙarfi alhali ko motsi ba ta yi ba.

A kan wannan rauni aka gina sana'ar. Kunne ba ya iya bambance kwantawa baya da fizgar gudu gaba, domin dukansu suna danna gadon bayanka a jikin kujera. Saboda haka idan allo ya nuna jirgi ya zabura, sai injin ya ɗan tura kujera gaba, sannan ya kwantar da ita baya a hankali, nauyi ya koma baya, ƙwaƙwalwa ta ce lallai gudu ake yi. In birki za a nuna, sai a sunkuyar da ita gaba. Daga nan injin ya lallaɓa ya mayar da ita tsakiya cikin sanyin da kunne ba zai ji ba, don ya samu sararin motsi na gaba. Manyan injinan suna tsaye ne kan ƙafafu 6 masu miƙewa da tsukewa, irin waɗanda ake koya wa matuƙa jirgin sama tuƙi da su. Da wannan, kujerar da ba ta ɗaga kamu biyu daga ƙasa ba tana iya sa ƙato ya yi salati.

Amma sharaɗin yana da tsauri: dole abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji su zo tare. Masu ƙera tabarau na kallo suna fafutukar kada jinkiri tsakanin juya kai da juyawar hoto ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, suna kuma son hoto ya riƙa sabuntawa kamar sau 90 a daƙiƙa guda, alhali na silima sau 24 ne. Da zarar an samu saɓani, sai jiri da gumi mai sanyi da tashin zuciya. Na taɓa tsayawa a wani kanti ina kallon wata yarinya da ba za ta wuce shekara 7 ba a cikin irin kujerar nan. A ƙaramin allon da ke gefe ana ganin abin da take gani, kuma a fili yake cewa kujerar tana karkata hagu ne bayan jirgin cikin hoton ya gama shan kwanarsa. Da aka cire mata tabarau, ta kasa tsayawa da ƙafarta. Mahaifiyarta ta ce, "Ai dama ita matsoraciya ce." Yaron da ke kula da injin ya ce, "Hajiya, haka yake yi wa wasu." Abin ya sosa mini rai, domin an ɗora wa yarinya laifin inji. Saitinsa ne ya kauce, kuma daga dukkan alamu babu wanda ya san ana saita shi a wurin.

Lambobin da ake rubutawa a ƙofa ba sa gaya maka komai game da wannan. 3D yana da ma'ana, kowane ido ana ba shi hotonsa daban, sai abu ya yi zurfi. 4D suna ne da 'yan kasuwa suka ba ƙarin motsin kujera da iska da feshin ruwa. Daga nan zuwa sama, 7 ne ko 9 ko 12, talla ce, babu wani ma'auni da ya tsayar da su.

Ilimin da ke ƙarƙashin abin kuwa ba baƙo ba ne ga mai karatun tarihin Musulunci. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya kuma ware sashe guda kan kurakuran gani, yana nuna cewa hankali ne ke ƙarasa abin da ido ya kawo, shi ya sa ake iya ruɗinsa. A 1862 wani malamin kimiyya a Landan, John Henry Pepper, ya ɗauki dabarar wani injiniya mai suna Henry Dircks, ya gyara ta, ya kai ta dandalin wasan kwaikwayo. Babban faifan gilashi ne mai tsabta, a jingine shi a karkace tsakanin 'yan kallo da dandali. Sai a ɓoye ɗan wasa a lungun da ba a gani, a haska shi da fitila mai ƙarfi, hotonsa ya faɗo kan gilashin. 'Yan kallo su ga mutum tsaye a tsakiyar dandali ana hango bango ta cikin jikinsa. A rage fitila, ya ɓace. Wanda ya taɓa tsayawa bakin taga da dare, fitilar ɗaki a kunne, ya ga fuskarsa tana shawagi a tsakar gida, ya riga ya ga dabarar Pepper.

Wannan dabara har yau tana ci. Gidan fatalwa na Disneyland, da aka buɗe a 1969, da ita yake nuna fatalwowi suna rawa a babban zaure, kuma mutane ba su fasa bin layi don su gani ba. Gilashi ne da fitila da mutum-mutumi masu juyawa. A ɗaya gefen kuma akwai labarin George Hale, tsohon shugaban 'yan kwana-kwana na birnin Kansas, wanda a wajajen 1905 ya fito da taragon jirgin ƙasa na ƙarya mai girgiza, da allo a gaba yana nuna hoton da aka ɗauka daga goshin jirgi. Shi ne kakan kujerar ƙwai. Nan da nan ya bazu a biranen Amurka da Turai, cikin 'yan shekaru kuma kasuwarsa ta mutu, domin wanda ya hau sau biyu ya gama ganin abin da ke ciki.

Sabunta irin waɗannan wasanni da manyan kamfanoni ke yi, wanda ake ta yayatawa, ya kamata a dube shi da idon basira, don ba kowane ne ya yi riba ba. A 1987 Disney ta buɗe Star Tours, injin koyon tuƙin jirgin sama ne aka zuba wa kujeru 40 da allo. Fiye da shekara 20 ana nuna tafiya guda. Da aka tashi sabunta shi a 2011 an ƙara kyan hoto, amma babban gyaran shi ne an yanyanka labarin gunduwa-gunduwa, kwamfuta tana haɗa su, har tafiya iri 54 ke iya fitowa a lokacin. Ciwon da ya kashe taragon Hale suka yi wa magani.

Wasan Spider-Man da kamfanin Universal ya buɗe a Orlando a 1999 shi ne masana sana'ar suka fi buga misali da shi. Mota ce tana ratsa gine-gine na gaske, da wuta ta gaske mai zafi, tana wucewa gaban manyan alluna 13. Matsalar da suka ci karo da ita ita ce, hoton allo daga wuri guda ake tsara kallonsa. In mai kallo yana tafiya, sai gini ya lanƙwashe, asiri ya tonu. Sai suka lissafa inda motar za ta kasance a kowane ɗan lokaci, suka murɗe hoton tun a kwamfuta daidai da wurin, ta yadda wanda ya tsaya a gefe zai ga komai yana tanƙwarewa, na cikin motar kuwa yana ganin komai a miƙe. A ƙarshen tafiya ana sa mutum ya ji ya faɗo daga tsayin ƙafa 400, alhali motar tana kan daɓe. A 2012 suka sake zana fim ɗin da ingancin 4K, suka sauya na'urorin haskawa da tabarau. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu domin ginshiƙin, wato lissafin da ya daidaita mota da hoto, dama lafiyarsa ƙalau.

Ga wanda bai tafi sumul ba. A wasan Soarin' na Disney, da aka fara a 2001, ana ɗaga mutane sama a jere, ƙafafu na reto, a cusa su cikin allo mai siffar ƙwarya mai faɗin ƙafa 80, a busa musu iska, a saki ƙamshin lemo lokacin da ake wucewa ta kan gonar lemo. A 2016 aka kawo sabon fim mai tsabtar hoto da ke zagaya duniya. Sai ga ƙorafi: waɗanda suka zauna a gefe suna ganin hasumiyar Eiffel ta Faransa a tanƙware, domin dogon abu miƙaƙƙe ba ya zama daidai a allo mai lanƙwasa sai ga na tsakiya. Tsohon fim ɗin, na duwatsu da koguna da gonaki, ya fi ɓoye wannan aibi.

Sai guguwar tabarau. Daga 2015, bayan Europa-Park na Jamus ya fara, gidajen wasa suka shiga ɗaura wa masu hawa jirgin tudu-da-gangare tabarau mai rufe fuska. Alton Towers na Ingila ya yi a 2016, SeaWorld na Orlando ya bi a 2017. Kafin 2020 dukansu biyu sun cire. Ɗaurawa da gogewa da saitawa suna cin lokaci, layi yana tsawo, na'urar wani ta mutu a tsakiyar tafiya, sannan mutum ya zo da iyalinsa amma an kulle kowa shi kaɗai. Abin da manyan kamfanonin suka koma yi a sabbin ayyukansu, irin Rise of the Resistance da Disney ta buɗe a 2019, shi ne su gina abu na gaske wanda hannu zai taɓa, su ɓoye allo a taga ko can nesa inda ido ba zai kama bakinsa ba. Hanyar da masu kuɗin duniya suka gwada suka ja da baya, ita muke lodowa a matsayin sabon yayi.

Yanayinmu kuma ba ya raga wa na'ura. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar injin haska hoto, ya yi zafi, haskensa ya dushe, ga shi dama tabarau na 3D yana cinye fiye da rabin hasken da ya kamata ya isa ido. Zafin Maris da Afrilu sai da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗauke wuta da dawo da ita, da sauyawa zuwa janareta, su ke ƙona kayan lantarkin da ke tuƙa kujera. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin Band A ya tashi zuwa naira 225 kowane kilowat a sa'a. Wanda ya sayi injinsa kafin wannan, yau ɗan ƙaramin kayan gyara ma sai ya yi shawara da aljihunsa. Shi ya sa za ka ga kujera uku, ɗaya an lulluɓe ta da leda, in ka tambaya a ce maka, "Oga ya yi odar safaya, tana hanya." Sayen doki bai taɓa zama abin wuya ba, harawa da dusa da mai sharar barga su ke nuna wanda ya isa ya ɗaure shi.

Batun lafiya ya fi damuna. Tabarau ɗaya, fuska nawa ke sa shi a ranar Sallah, wa ke goge shi, da me? Duk wanda ya ga yadda ciwon ido na afolo ke bin gida-gida ya san ba tambayar banza ba ce. Kamfanonin da ke ƙera tabarau ɗin da kansu sun sa iyakar shekaru: Sony ta ce ba na 'yan ƙasa da 12 ba ne, Meta ta daɗe a kan 13 kafin ta sauko zuwa 10 a 2023 bisa kulawar iyaye. A nan kuwa za ka ga an ɗaura wa ɗan shekara 4, wanda tazarar idanunsa ma ba ta kai ta gilashin ba. Walƙiyar haske tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu, jijjiga ba ta dace da mai juna biyu ko mai ciwon zuciya ba. A Turai akwai ma'aunin EN 13814 na injinan wasa, a Amurka akwai na ASTM. Abin da nake nema daga hukumar kula da ingancin kaya ta SON, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, da mahukuntan babban birnin tarayya, bai kai wannan zurfi ba. A wajabta allon gargaɗi da Hausa da Turanci a ƙofa, da iyakar shekaru, da takardar shaidar dubawa mai kwanan wata wadda kowane uba zai iya karantawa kafin ya biya.

Akwai kuma wata fargaba da ba zan ɓoye ba. Tsarin Abuja na 1979 ya ware wa lambuna da filayen shan iska kaso mai tsoka, kuma kowa shaida ne yadda da yawansu suka rikiɗe suka koma mashaya da wuraren biki, wasu ma aka yanka su fuloti-fuloti. Kada ɗakin kallo ya zama hujjar ƙarasa cinye sauran, a ce ai yara sun samu wurin wasa a bene. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma kujerar da ke jijjiga shi ba ta cikin lissafin. Yaro yana buƙatar inda zai yi gudu ya faɗi ya tashi, ya yi langa da 'yar ɓuya. Allo ƙari ne a kan wannan.

To, in za a yi, me za a nuna? Finafinan da ke zuwa cikin kwantena kusan iri ɗaya ne: dodannin zamanin da, gidan fatalwar Turawa, jirgi cikin ƙanƙara. Yaron Gwarinpa, Bahaushe ne ko Bagwari ko Bayarabe ko Ibo ko Tibi, ya riga ya ga fiye da haka a wayar mahaifiyarsa. Abin da bai gani ba shi ne nasa. A ɗauki labarin rijiyar Kusugu ta Daura. Ɗaki guda, kujeru 24 a kan dandamali ɗaya mai ɗan karkata, a gaba an gina bakin rijiya na gaske. Dare ne, baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce masa ba a ɗiba sai Juma'a. Ya karɓi guga. Fitilu su mutu, bangon dama da na hagu su koma bangon rijiya yana tafiya sama, dandamali ya ɗan nutse ƙasa da taƙi ɗaya, fanka ta busa iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowa zai rantse zurma shi ake yi. Can ƙasa, ta cikin gilashin Pepper, macijin nan Sarki ya fasa kai a sarari, babu tabarau a fuskar kowa, ƙanwa tana ganin tsoron yayanta, uba yana riƙe da hannun autarsa. Tsofaffin da suka kalli majigi a ƙofar fada, zamanin da motar gwamnati ke kawo su Baban Larai, in suna ba da labari taron suke fara ambata, da ihun da aka yi tare.

Abin da wannan ɗaki ke buƙata shi ne injin haska hoto uku, faifan gilashi ɗaya, fankoki, lasifika, da dandamali mai ƙaramin motsi. Kasuwar kayan gini ta Dei-Dei tana nan kusa a hanyar Kubwa, kafintocin Kugbo suna nan, makanikan Apo sun san famfon mai da ke ɗaga kaya, Panteka ta Kaduna ba abin da ba ta ƙerawa. Sai dai duk ƙarfen da zai ɗauki nauyin ɗan Adam, dole injiniya mai rajistar COREN ya zana shi ya sa hannu, a nan babu "ai zai yi". Hoton kuwa, ƙasar da ta fitar da cikakken fim ɗin zane na Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, wadda 'ya'yanta na kamfanin Kugali suka yi Iwájú tare da Disney a 2024, ba za ta rasa masu zana maciji na minti 6 ba. Ga masu tace fim na Zoo Road a Kano, ga ɗaliban zane da injiniyanci na Jami'ar Ahmadu Bello. Babbar ribar ita ce wanda ya haɗa abin yana Abuja ko Kaduna, in ya lalace waya ɗaya ce. Bayan wata shida a sauya labari, a kawo Gizo da Ƙoƙi, ko hawan Daushe daga kan sirdi, ko shawagi daga dutsen Zuma zuwa gangaren ruwan Gurara, ko, da izinin masu haƙƙi, tafiyar sama ta cikin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Na san wasu iyaye da malamai za su yi tambaya kan abin da ke sa ido ya ga abin da babu shi, kuma suna da damar tambaya. Ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Ƙofa ta jihar Kano a 2016 ya rushe tun kafin a aza tubali, saboda ba a zauna da mutane tun farko ba. Wanda zai taɓa labarin Kusugu sai ya fara kai gaisuwa masarautar Daura, ya kuma ji ta bakin malamai kan abin da ya dace a nuna wa yara. Sannan ya yi abin da ɗan dabo da boka ba sa yi: bayan an gama, a kunna fitila, a buɗe ƙofar gefe, a nuna wa yara gilashin da lungun da aka ɓoye macijin, a bar su su rage fitilar da hannunsu su ga ya ɓace. Yaron da ya ga haka ya samu darasin kimiyya, zai kuma yi wuya wani ɗan damfara ya ruɗe shi da irin wannan siddabaru nan gaba. Makarantun Gwarinpa, da ba su ƙirguwa, su za su cika ɗakin daga Litinin zuwa Alhamis, ranakun da irin waɗannan wurare ke zama wayam.

Ga mai jarin da zai ce duk wannan ya fi kwantena tsada, gaskiyarsa, amma ya ɗauki biro. Kujerar ƙwai mai mazauni 2, in kallo minti 5 ne, ɗaurawa da cirewa da gogewa minti 3, zagaye 7 za ta yi a sa'a, mutum 14 ke nan. Ɗaki mai kujeru 24, kallo minti 6, shiga da fita minti 4, zagaye 6 ne, mutum 144. Ko ya karya kuɗin tikiti zuwa kashi ɗaya cikin uku, abin da zai shiga aljihunsa a sa'a guda ya ninka na kujerar ƙwai fiye da sau 3, a ranakun Sallah da Kirsimeti da dogon hutu da ake samun layi. A wannan farashi kuma magidanci mai 'ya'ya biyar daga Dutsen Alhaji ko Karsana zai iya shigar da su duka, ba sai ya zaɓi biyu sauran su tsaya kallo ba.